Jan da Ke Kumatun Delfina

Balensiya, unguwar Kabanyal,
19 ga Nuwamba, 1911.

Zuwa ga yayana Eliseo, a Rosario.

Ina miƙa maka gaisuwa mai yawa, irin ta ƙanwa ga yayan da ta daɗe ba ta sa a ido ba. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Graciana da ɗanka Onofre da 'yar jaririyar da har yau ban san nauyinta a hannuna ba. Allah ya tsare ku a wannan ƙasa mai nisa, ya sa albarka a aikinka na tashar jiragen ruwa, ya raba ka da ciwon bayan da ka ce yana damunka. Wasiƙarka ta iso mu a makon idin Budurwa Maryamu na watan Agusta, na karanta wa Inna ita sau uku, kuma har yau tana cikin aljihun rigarta. Na san ka yi ta zuba ido kana jiran amsa. Ka yi haƙuri, Yaya. Wata uku ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don ban san ta inda zan fara ba.

Mu nan muna nan da rai. Maigidana Nicasio lafiyarsa ƙalau, in ban da gwiwar nan tasa da ke tashi duk lokacin da iskar gabas ta kaɗa. Kamun kifi bana ba yabo ba fallasa. Tsohon bijimin nan mai karyayyen ƙaho, wanda kake hawa bayansa in ana jawo jirage zuwa gaɓa, ya mutu cikin bazara, sai da maza takwas suka haƙa masa rami a bayan rumfar shanu. Inna har yanzu tana shiga taragon farko da kwandon kifinta zuwa kasuwar birni, ko da yake na ce ta bari ta huta. Ta ce ranar da ta zauna a gida, a kira mata limamin coci ya yi mata addu'ar ƙarshe kawai. Ta rame, Yaya, kuma ba tsufa ne kaɗai ya ramar da ita ba.

To, ga abin da ya ɗaure mini hannu. Maganar autarmu Delfina ce. Ka tafi tana 'yar shekara tara. Yanzu shekararta ashirin, ta fi ni tsawo, kuma duk bakin tekun nan babu wanda ya kai ta iya ɗinkin manyan ƙyallayen da ake ɗaga wa jirgi iska ta tura shi. Na riga na rubuta maka cewa an sa ranar aurenta da Baltasar, ɗan Casilda mai gidan burodi, bayan Kirsimeti. A tsakiyar watan Yuli wani mai zane ya kama gidan nan mai shuɗin tagogi da ke kallon teku. Sunansa don Leandro Bonastre, dattijo ne gajere mai furfura a gemu, da wata malafa da fenti ya gama ɓatawa. Wata rana da yamma ya ga Delfina zaune a kan yashi, farin ƙyallen jirgi ya rufe mata cinya har ƙasa tana ɗinki, sai ya tsaya cak kamar wanda aka kira sunansa. Washegari ya zo har gida, ya cire malafa ya nemi izinin Inna ya zana ta. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka zana ta ka kai ina? Yarinyar nan an sa mata rana." Ya ce ba zai sa ta yin komai ba sai aikin da dama take yi, a wurin da dama take zama. Inna ta yarda, bisa sharaɗin in riƙa zama a kusa da su.

Shi ya sa na ga komai da idona. Ba ya aiki sai daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi, lokacin da rana ta koma bayan gidaje, teku ya yi shuɗi mai duhu. Da lokacin ya cika sai ya goge burushi ya ce hasken ya tashi aiki, shi ma ya tashi. Ni a zatona fari fari ne kawai. Amma cikin ƙyallen nan da rigar Delfina sai na ga yana zuba rawaya, da ruwan hoda, da shuɗi, da wani launi kamar na furen albasa, kuma ko ɗigon baƙi babu a cikin kayansa. Na kasa haƙuri na ce masa, "Don Leandro, ai inuwa baƙa ce." Bai ko waiwayo ba ya ce, "Wa ya gaya miki? Dubi ƙarƙashin hannunta da kyau, ki bar abin da kika sani tukuna." Na ƙura ido, na ƙura ido, sai ga shi kuwa inuwar shuɗiya ce. Ya nuna mini yadda rana ke faɗa wa ƙyallen, hasken ya yi tsalle ya koma ƙarƙashin haɓarta ya zama rawaya. Yadda teku ke shafa mata kore kaɗan a gefen wuya. Yadda kunnenta ke yin ja kamar garwashi in rana ta ratsa shi ta baya. Shekara ashirin ina kallon fuskar yarinyar nan, ban taɓa ganin ko ɗaya cikinsu ba.

Ka san matan bakin tekunmu, ba a rasa su da baki. Masu gyaran raga suka mai da wurin dandali. Wata ta ce, "Delfina, yau wane launi za a yi miki, na sardin ko na jatan lande?" Wata ta ce in an gama a ba ta aron zanen ta rataya a gona ya kori tsuntsaye. Baltasar kansa ya sauko daga jirgi da jiƙaƙƙen wando, ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni mace na nema, ba bakan gizo ba. In na kai wannan gida, tsohuwata cewa za ta yi a fara wanke ta." Delfina ba ta ko ɗago daga ɗinkinta ba ta ce, "Ji mai maganar launi. Kai da rabon wuyanka da sabulu tun ranar da aka yi maka baftisma." Aka kwashe da dariya, har don Leandro ya ce don Allah a bar ba ta dariya, tana motsa masa inuwa. Dariyar tata ta ƙare da tari. Na ji shi sarai, na ce a raina ƙurar ƙyalle ce, na miƙa mata kofin kunun aya ta jiƙa maƙogwaro.

Cikin mako na huɗu, bayan ya goge burushi, Delfina ta tafi mayar da allura da zare, sai ya ce in ɗan tsaya. Ya daɗe yana murza malafarsa a hannu. Sannan ya ce sau uku ke nan yana kankare hannunta daga zanen yana sakewa. Da farko ya zaci idonsa ne ya tsufa, ashe hannun ne yake ƙanƙancewa. Ya nuna mini saman kumatunta a zanen ya ce, "Kullum in biyar ta yi, wani ja yana fitowa nan da nan, kamar an dangwala da yatsa. Ba jan rana ba ne. Jan rana hanci da goshi yake kamawa. Wannan daga ciki yake fitowa." Ya ce sau ɗaya ya taɓa haɗa irin wannan jan, shekara tara da suka wuce, a fuskar matarsa, kuma wata biyu ya yi yana murna da kyansa kafin ya gane ko mene ne, da ya gane, lokaci ya riga ya ƙure. Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa, "Kai mai fenti ne ko likita? Mun ba ka yarinya ka zana, ba mu ce ka yi mata mugun baki ba." Ya ce, "Ki zage ni son ranki, baiwar Allah, amma ki kai ta a duba ta."

Kwana biyar na yi ban gaya wa kowa ba. Kullum in biyar ta yi sai in sami dalilin taɓa goshinta, wai ina gyara mata gashi, kullum kuma in ji shi da zafi. A rana ta shida na ce ta raka ni birni mu duba yadin rigar aure, na shigar da ita wurin likita. Ya ƙwanƙwasa bayanta, ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya tambaye ta ko tana gumi cikin barci, ta ce e, tun kafin bazara. Ya ce tarin fuka ne, ya kama huhun hagu. Ya ce a raba ta da iskar teku, a raba ta da ɗinki, a kai ta kan tsauni ta kwanta ta sha madara da ƙwai. Aure kuwa a ajiye maganarsa. Muna saukowa daga benen likitan ta tsaya a tsakiyar matakala ta ce, "Ashe ba yadi muka zo dubawa ba, Yaya Minia."

Da na gaya wa Inna, ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗaura ɗankwali ta nufi bakin teku, ni ina bin ta ina roƙo. Ta tarar da don Leandro yana zana bijimai, ta sa ƙafa ta ture masa akwatin fenti, tana ɗaga murya har masu jirage suka waiwayo. Ta ce shi ne ya tsotse jinin 'yarta ya shafa a ƙyalle. Ta ce yarinya lafiyarta ƙalau har ranar da ya sa mata ido. Ta ce wanda ya shafa wa mai rai kore a wuya, ai launin gawa yake kira mata. Matan nan da suka sha dariya a da, sai ga su suna yin alamar gicciye suna ja da baya. Shi kuwa ya durƙusa yana tsince burusansa ɗaya bayan ɗaya daga cikin yashi. Inna ta rantse muddin tana numfashi Delfina ba za ta sake zama a gabansa ba. Muka aika wa Gwaggo Tomasa a Serra, ƙauyen nan na kan tsauni, ta ce a ba ta kwana goma ta gyara ɗakin sama mai kallon itatuwa. Inna kuma ta ɗauki addu'ar kwana tara a cocin Uwar Marasa Galihu, kullum ta fita ƙarfe uku ba ta dawowa sai rana ta faɗi.

A nan ne nawa laifin ya shigo, in laifi ne, kuma kai nake so ka gaya mini. Tun farko don Leandro ya faɗa mana cewa zanen da ya yi bana duka za a ɗora su a jirgi zuwa Buenos Aires, babban birnin ƙasar da kake, a nuna wa jama'a a can. Ashe maganar tana ran Delfina. Ran nan ina ba ta madara ta riƙe mini hannu ta ce zanen saura zama uku ya ƙare, in kai ta. Na ce ko kusa. Ta ce, "Yaya Eliseo da majina a hanci ya san ni. Shekara goma sha ɗaya yana rubuto 'a gaishe da 'yar ƙaramar'. Ina so ya shiga ɗakin nan ya ga na zama mace, ko sau ɗaya. In na hau tsaunin nan, ke da ni mun san ba lalle ne in sauko ba." Na ce ta rufe mini baki da irin wannan magana. Ta ce, "To na rufe. Ki kai ni." Kwana biyu tana yi mini haka, ba kuka, ba fushi, sai kallo. Ka san ni da ita, tun tana goye a bayana ban taɓa iya ce mata a'a ba.

Na je na sami don Leandro. Da fari ya ƙi, ya ce bai san wani zane a duniya da ya kai wannan kasada ba. Sai da ita kanta ta je ta zauna a wurinta ta jawo ƙyallen bisa cinya, sannan ya ɗauko kayansa. Ya sa aka matsar da ita jikin wani jirgi don ya tare mata iska. Kafin ya fara ya tambaye ta, in zana ki yadda na gan ki ranar farko, ko yadda kike yau? Ta ce, "Zana abin da kake gani. In ka yi mini ƙarya da fenti, wa aka zana ke nan?" Zama na farko da na biyu suka wuce lafiya. Ranar na uku, cikin farkon Satumba, iskar gabas ta taso da ɗan sanyi. Na lulluɓe ta da mayafin ulu, ta ture shi ta ce yana rufe farar rigar. Ban taɓa ganin mutum na aiki da sauri irin na dattijon nan a ranar ba. Biyar da kwata ya ajiye burushi ya ce ya gama. Ta miƙe ta zo ta duba, ta daɗe, ta yi murmushi ta ce, "Ashe haka nake." Sai tari ya sarƙe ta, ta sunkuya bisa ƙyallen jirgin, sai ga jini. Ja a kan fari, Yaya, cikin wannan hasken da na yi wata biyu ina koyon sha'awarsa. Ni da don Leandro muka tallafo ta zuwa gida, muka yi kiciɓis da Inna a bakin ƙofa ranar ta dawo daga coci da wuri, carbinta na hannu.

Shi ba ta ko dube shi ba. Ni ta duba ta ce, "Ni ina can ina roƙon ranta, ke kina nan kina ba da shi." Daga wannan ba ta sake yi mini magana ba har wata biyu cur. Tukunya ɗaya muke ci, amma in tana son gishiri sai ta ce, "Nicasio, gaya wa matarka ta miƙo gishiri." Likita ya zo ya ce mai yiwuwa jinin nan da zai fito ko tana kwance a gado, mai yiwuwa kuma iskar ce ta gaggauta shi, ba wanda zai iya rantsewa. Wannan "mai yiwuwa" ita nake tashi da ita kullum, ita nake wuni da ita. Bayan kwana shida, da ta ɗan sami ƙarfi, muka kai ta ta jirgin ƙasa, sannan keken doki ya haura da mu Serra. Gwaggo Tomasa tana kula da ita kamar 'yar cikinta. Ta sa mata gado a bakin taga, tana tatsar mata akuya safe da yamma.

Za ka tambayi Baltasar. Lahadi biyu ya haura tsaunin, da kifi nannaɗe cikin ganye, ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin yana juya hula, yana ba ta labarin waɗanda suka faɗa ruwa da waɗanda suka yi faɗa a mashaya. A Lahadi ta uku bai zo ba. Uwarsa Casilda ce ta zo gidanmu, ta zauna a bakin kujera ta ce ita ba ta da wani ɗa sai shi, kuma mai gidan burodi ba za ta iya shigar da mai tari cikin gidanta ba, mutane za su daina cin abin hannunta. Ba ta ce an fasa ba, ba ta ce ana nan ba. Kwana huɗu bayan haka muka ji ya shiga jiragen da ke tafiya kamun kifi gaɓar Afirka, ba za su dawo ba sai bazara. Bai yi wa kowa sallama ba. Da na gaya wa Delfina, ina shirin zaginsa, sai ta ce, "Bar shi, Yaya Minia. Tun zuwansa na biyu na ga yana riƙe numfashi in ya matso kusa. Tsoro yake ji, ni ma ina ji." Ta juya fuska wajen taga, na bar ta.

Makon jiya, ranar Talata, muna cin abincin rana sai Inna ta ce, "Nicasio, gaya wa matarka ta kai ni in ga abin nan kafin a sa shi a jirgi." Don Leandro ya riga ya koma gidansa na birni. Muka shiga tarago, kwandonta a cinya, sai na hango ƙotar wuƙarta ta feɗe kifi a ƙarƙashin tsumma. Da muka isa na raɗa masa a bakin ƙofa, ya ce, "Ƙyale ta. Ta fi ni iko da abin da ke ciki." Ya buɗe labulen babbar taga, ya juyo da zanen. Inna ta taka har hancinta ya kusa taɓa shi, hannunta na cikin kwando. Ta ce, "Wannan ne? Wannan ai daɓen kasuwar kifi ne bayan an tashi. Ina fuskar take?" Gaskiyarta kuwa, daga kusa ba ka ganin komai sai dangwale-dangwalen fenti, wani kan wani. Ya ce, "Uwa, ja da baya kaɗan." Ta ja. Ya ce ta ƙara. Tana ja tana harararsa, har ta yi taku takwas, bayanta ya taɓa kujera. Sai na ga bakinta ya buɗe. Ta zauna a hankali, kwandon ya zame ya faɗi, wuƙar ta yi ƙara a ƙasa, ba wanda ya waiwaye ta. Mun fi rabin sa'a a haka. Can ta ɗaga yatsa ta nuna kumatun ta ce, ba da shi take ba, ba kuma da ni ba, "Wannan jan, tun watan Mayu na gan shi."

Ba ta yi masa sallama ba, amma da za mu fita ta tsaya ta gyara masa wuyan rigarsa da ya naɗe, kamar yadda take yi wa Nicasio. Muka shiga tarago, har muka haye gada. Sannan ta kira sunana, karo na farko cikin wata biyu. Ta ce, "Herminia, tun kafin mutumin nan ya sa ƙafa a unguwarmu nake ganinsa. Ni nake wanke zanin gadonta, na san yadda yake jiƙewa. Sai in ce zafi ne. Kullum in ce zafi ne, bari a yi auren tukuna." Ta ce da ta buɗe baki a watan Mayu, da yarinyar ta yi wata huɗu a kan tsauni kafin jini ya fito. Na kama hannunta mai ƙarnin kifi na riƙe, mu biyu, kowacce da nata abin da ba za ta iya mayarwa ba, har mai tarago ya ce an iso.

Yanzu ga roƙona. Jirgin da ke ɗauke da zanen zai tashi farkon Disamba, kuma don Leandro ya rubuta mini sunan titin da ranar buɗewa a 'yar takardar da na haɗa da wannan. Ka nemi hutun kwana biyu ka shiga jirgin ƙasa ka je, ka tafi da Graciana. Za ka ga mace zaune jikin jirgi da farar riga, ƙyalle ya malale daga cinyarta kamar madara, allura a hannun dama, ta ɗago kai kamar an kira ta. Wannan ƙanwarka ce. Ranar Lahadi na je wurinta. Zazzaɓin ya ɗan sauka, ta ci ƙwai biyu a gabana, har ta tsokani Gwaggo wai akuyarta ta fi ta fara'a. Amma zoben hannunta yanzu a babban yatsa take sa shi. Ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya maka ba ta da lafiya ba. Ta ce a bar ka ka ga zanen kawai ka ce, kai, autarmu ta yi kyau. Na yi mata alkawarin, ga shi kuma na karya, Allah ya gafarta mini. Na karya ne don ba zan iya jure ka tsaya gaban kumatun nan ka rubuto mata cewa ka ga lafiya ta zauna mata ba. Na kuma karya don likita ya gaya wa Nicasio abin da bai gaya mana ba: in ta kai lokacin da lemo ke fure, wajen watan Afrilu, akwai fata, amma mai son ganinta kada ya jira furen. Na san nisan, na san aikinka, na san jaririya. Ban taɓa ce maka ka dawo ba cikin shekara goma sha ɗaya. Yau na ce.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa ɗaura ulu a bayan nan naka. Nicasio yana gaishe ka. Gwaggo Tomasa ta ce a gaya maka har yau ba ta yafe maka ɓauren da ka sace mata ba. Ka gaishe mini da Graciana da kyau, ka sumbaci Onofre da jaririya a madadina. Delfina ma tana gaishe ka. Ta ce in rubuta maka cewa tana lafiya, tana ɗinki, kuma ta fi ni tsawo. Na ƙarshen gaskiya ne. Allah ya kiyaye hanya, ya sada mu da alheri tun muna cike.

Ƙanwarka mai jiran amsarka, ko kai kanka,
Herminia.